Akwatin gawar ya yi tari

Maureen,

Ta tashi. Motar nan da na yi shekara da shekaru ina harhaɗawa a gareji, wadda kike kira akwatin gawa, yau ta tashi. Ina murɗa makulli ta yi tari, sai ta kama ruri.

Dennis maƙwabcinmu ya leƙo da kofin shayinsa ya ce, "Kai tsoho, ashe dai ba kaji za ka zuba a ciki ba." Na rungume shi, shayin ya ƙare a rigarsa. Mun ɗora ta a tirela, za mu gwada ta a gonar ƙaninsa.

Don Allah kada ki kunna murhun gashi. Wasu ƙarafan injin da na yi wa fenti suna bushewa a ciki. Na sani, na yi alkawarin dainawa. Yi haƙuri.

Ki nemo ɗankwali, motar ba ta da rufi. Kujerar hagu kuwa, ta fasinja, daidai tsawon ƙafarki na ɗaure ta, tun ranar da kika rantse ba za ki shiga ba.

Naki,
Clive