Piyanon Kwali

Zuwa ga Malama Kande, mai filin shawarwari,

Ina neman taimakonki, kuma ki sani bakina bai saba da wannan kalma ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, sha ɗaya daga cikinsu ina direktiris, wato shugabar lakwal, makarantar bokon 'yan mata a nan Agadas. Ni ake zo wa da tambaya. Filinki ma ba na karanta shi sai in mai kanti ya naɗo mini ganyen shayi a ciki. Amma babu wanda zan gaya wa wannan magana a garin nan ba ta zaga kasuwa kafin azahar ba.

Jikata Kadidia marainiya ce, ni na rene ta tun tana shekara huɗu. Bana ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, da sha bakwai bisa ashirin, abin da ba a taɓa gani ba a lise ɗinsu. Tun da daɗewa ta ce kiɗa take so ta karanta. Da farko na ƙi. Da na duba littattafan solfej, wato kiɗa a rubuce, na ga ilimi ne mai ƙa'ida kamar lissafi, sai na yarda bisa sharaɗi ɗaya: gidanmu ba gidan maroƙa ba ne. A tsohon gari muke, katangarmu ɗaya da maƙwabta huɗu. Ba za a ji sauti ya fito daga gidana a ce jikar Madam ta zama zabiya ba, balle a shekarun da mutane ke kuka da fari.

Saboda haka na samo kwalin madarar taimako, na zana mata piyano a kai da hannuna, fari da baƙi, kowane a ma'auninsa. Shekara biyu tana bita a kansa kullum bayan la'asar, ina zaune ina duba yatsunta da littafi. Ba ta kuskure. Malaminsu na kiɗa, Mushe Alkasum, yadda muke kiran malamai da Faransanci, wanda ni na koya masa riƙon alli, ya zo har sau biyu wai in bar ta ta riƙa zuwa gidan samariya, ƙungiyar matasan gwamnati, inda akwai piyano na gaske. Na sallame shi daga zaure. Na san irin waƙoƙin da ake yi a can, da waɗanda ake yi wa su.

Da aka ba da sanarwar burs, wato tallafin karatu, zuwa sashen kiɗa na wata jami'a a ƙasar waje, 'yan mata biyu aka kira Yamai daga jiharmu, wuri kuma ɗaya ne. Ta biyun Fatouma ce, 'yar Ingal, wadda fari ya cinye dabbobin iyayenta, suka sauka a bukkokin bayan gari suna layin jar dawar taimako. Ba na raina talauci. Amma yarinyar nan da ƙyar ta haye bak, goma bisa ashirin, a zagaye na biyu. Abin da ta iya kawai anzad, gogen nan na matan Abzinawa, da ta koya wajen uwarta.

A jarrabawar rubutu Kadidia ta sami sha tara. Sai aka shigar da ita gaban alƙalai uku don abin da suke kira odisiyo, wato ta kaɗa su ji. Ta ce piyanon ya yi wa yatsunta nauyi, ƙararsa ta firgita ta, ta tsaya sau biyu. Suka nemi ta rera waƙar garinsu. Ta sunkuyar da kai, ta sassauta murya kamar yadda na koya mata a gaban manya, wai ba su ji ta ba. Ladabi ya zama laifi ke nan! Fatouma kuwa ta zauna a ƙasa ta goga abinta, aka ɗauke ta. A ƙasan takardar jikata wani mai mummunan rubutu ya ƙara cewa ta dawo baɗi in ta saba da jin kanta.

Yaushe kwata ɗaya na awa ya rinjayi karatun shekara goma sha uku? Wai odisiyo kashi uku ne, takardu kashi ɗaya. Wa ya yanke haka, kuma me ya sa ba a rubuta a sanarwa ba? Ina zargin Alkasum ya kai maganar 'yar Ingal a ɓoye don ya rama korar da na yi masa. Na rubuta wa Farfe, sojan da ke mulkin jiharmu, wasiƙa, shafi uku, da Faransancin da babu gyara a ciki, na ambaci sunayensu su biyun. Sojojin da suka karɓi mulki sun ce sun zo kawar da son kai. To ga shi.

Kadidia ba ta magana tun da ta dawo. Da can takan yi 'yar waƙa a maƙogwaro in tana wanki, ta yi shiru in na fito. Yanzu ko wannan babu. Ta naɗe kwalin ta tura ƙarƙashin gado.

Tambayata biyu ce. Wanne ya kamata ya fi nauyi, sakamako ko odisiyo? Kuma wasiƙar, in kai ta da hannuna ko in sa ta a fosta? Kada ki ce mini in yi haƙuri. Ba shi na zo nema ba.

Tsohuwar direktiris, Agadas

*

Madam,

Na gode da kika warware ganyen shayin kika karanta. Ba zan ce ki yi haƙuri ba, aiki zan ba ki.

Kina da gaskiya a wuri ɗaya. Ya kamata a faɗi rabon kashin tun a sanarwa, kuma kina da ikon rubuta wa masu shirya jarrabawar ki nemi a bayyana shi baɗi. Ƙoƙarin Kadidia ma bai faɗi ƙasa ba: sakamakonta ne ya kai ta Yamai, zai kuma riƙe ta in ta shiga jami'a, inda Fatouma za ta sha wuyar takarda.

Amma sashen kiɗa masu kiɗa yake nema. Takarda tana nuna yarinya za ta iya zaman aji. Kunne da hannu da murya kuwa sai an ji su. Ke da kanki, da za ki ɗauki malama, za ki wadatu da diflom ɗinta ba ki ga ta tsaya gaban allo ba? Kwatan awar da kike raina wa Fatouma, shekarun da ta yi a gefen uwarta ne aka ji a ciki. Jikarki kuwa shekara biyu yatsunta na tafiya kunnenta bai bi su ba. Alƙalai ba su cuce ta ba. Ranar ce ta fara jin kanta, a gaban baƙi.

Wasiƙar nan kada ta bi hannu, kada ta bi fosta. Kin fi ni sanin zamanin da muke ciki: sunan da ya shiga ofishin soja ba mai shi ne ke fitar da shi ba. Zargi gare ki, ba shaida ba. Ana iya jefa Mushe Alkasum wani ƙauye ko abin da ya fi haka, a kuma ƙwace wa yarinyar da ta rasa komai abu ɗaya da ya rage mata. Duk da haka ba za a ba Kadidia wurin ba, kuma za ta san wa ya jawo.

An ce ta dawo baɗi, ba kowa ake rubuta wa haka ba. Ki taka da ƙafarki zuwa wajen Alkasum, ki nemi mata awa biyu a gaban piyano kullum. In waƙoƙin gidan samariya ne ba kya so, ki zaɓi lokacin da ba kowa, ki raka ta. Ki bar ta ta je bayan gari ta saurari uwar Fatouma. Ki gaya mata da bakinki cewa ɗaga kai a gaban alƙalan kiɗa ba rashin kunya ba ne, domin daga gare ki kaɗai za ta yarda.

Maƙwabta za su yi magana. Sun yi ta lokacin da wata yarinya ta fara ɗaukar allon lakwal a Agadas, ba ta kuma ajiye ba.

Kafin duk wannan, gobe bayan la'asar, ki bar kwalin inda yake. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki roƙe ta waƙar nan da take katsewa in kin fito, ki zauna har ta kai ƙarshe. Allah ya ƙara miki lafiya, ya buɗe wa Kadidia murya, ya kawo mana ruwa.

Kande