Ƙayar da Majo Ya Cire

Dakoro, daren Talata

Kwana uku ina kwance a kilinik, suna ɗaura mani ruwan sirum, suna ta "sannu Malam". Rabin albashina ya tafi, masassara na nan. Yau na bi layin asibitin gwamnati tun hantsi. Majo, babban ma'aikatan jinyarsu, ko kujera bai nuna mani ba. Ya dubi ƙafata da ta kumbura ya ce, "Ƙaya ce ta ruɓe ciki, Malam. Ruwan me suke ɗura maka?" Ya tsaga ya cire, babu ko sannu. Magani ma sai da na saya a farmasi.

Har yanzu ina jin haushinsa. Amma masassarar ta sauka. Na kira uwar yara can Gaya, na ce kada ta taso, kada ta saida tunkiyarmu don kuɗin magani.