Yaya Habu, Ka Hana Baba Yin Binne na Uku

Zuwa ga Malam Habu, mai lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome. Sallama da gaisuwa mai yawa daga ofishin Shugaban Masu Jiragen Ruwa na Duniya, reshen Matamaye. Muna fatan kana lafiya, kai da bayanka da ke ɗaukar mana buhuna.

Muna sanar da kai cewa taron da ƙasashe suka yi don rage hayaƙin jiragenmu ya tashi lafiya, wato an ɗage. Mun zauna a bayan wakilai muna raɗa musu a kunne, duk wanda ya ɗaga hannu mu ja masa riga. Hayaƙi dai zai ci gaba, in sama ta ɗumama damina ta rikice, 'yan Matamaye su sha haƙuri.

To, Yaya, ka ga yadda haƙurin yake a gidanku. Ka san Baba da binne: ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa ya same shi. Ka tuna muna biye da shi, kai da sungumi, ni ina rufe rami da ƙafa ina cusa maka ƙarangiya a wando? Yakan ce in iskar gabas ta juyo, ruwa saura kwana kaɗan ne. A da haka ne. Bana ya binne, aka yi yayyafi, gero ya leƙo, rana ta ƙone shi. Ya sake, aka sake. Jiya na gan shi tsugune a gonar hanyar Kurni yana tona rami da yatsa, yana duba ƙwayar da ta ruɓe.

Tiya huɗu ta rage, irin da ya gada wurin kakanmu, kuma ya ce ranar Asabar zai binne ta. Na faɗa masa abin da rediyo ta faɗa, cewa masu jirage sun hana a taɓa hayaƙinsu kuma iskar da ya sani ta canza hali. Ya ce yaushe na taɓa ganin teku? Gaskiyarsa, ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: mutanen da ba su san ƙanshin gumba ba su yi raɗa a wani ɗaki mai sanyi, tsoho ya tsuguna a nan.

Kai ka ga jiragen da idonka, maganarka zai ji. Ka kira shi kafin Asabar, ka ce ya jira ruwa ya jiƙa ƙasa kamu guda. Allah ya tsare mana bayanka, ya saukar da ruwa mai albarka, ya dawo da kai lafiya.

Babu wani shugaba, Yaya. Tun da na yi maka ƙaryar an ba ka mata a Dawce ka daina buɗe saƙona, shi ya sa na ari sunan ofishinsa. Wannan karon ba wasa nake ba.

Ƙaninka, Sabi'u.