Akwatin da muryar Malam take ciki

Mai sunan Malam,

Na leƙo kana barci, ga motar Roni tana jira, zan je gaisuwar rasuwa.

Ka kwantar da hankalinka kan ɗan baƙin akwatin kwamfutar nan da ya ƙi kamawa jiya. Da ka fita rai a ɓace, na naɗe shi a mayafi na kai wa Mu'azzam mai gyaran waya. Ya ce akwatin ƙalau yake, cajarsa ce ta lalace, ba ta ba shi isasshiyar wuta. Da ya jona masa tasa, nan take ya kama. Sai ga muryar kakanka, Allah ya jiƙansa, yana karatu kamar yana zaure.

Kada ka ƙara sa tsohuwar cajar. Kada kuma ka gwada ta fitila don kawai bakinta ya shiga, ya ce ƙona shi za ta yi. Ka je ya samo maka irin tasa.

Kokonka yana cikin fulas.

In na dawo ka kunna min karatun daga farko. A shagon mutane ban iya saurara har ƙarshe ba.

Kakarka