Kocin da Ba Ya Jin Harshenmu

Rivière-aux-Cèdres, 12 ga Yuni

Ƙanwata Marielle,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ƙugun nan ya daina damunki, mijinki Fernand kuma yana shan maganinsa ba sai kin yi masa faɗa ba. Ki gaishe mini da yara da jikoki. Ni lafiya lau, in ban da idanun nan da kullum ƙara dushewa suke yi.

Kin san abin da ya tsaya mini a rai tun muna yara, na kuma san kin gaji da jinsa. Babanmu ya ƙarar da ƙarfinsa a kamfanin takarda, bai taɓa samun shugaban da ya yi masa magana da harshensa ba. Da Ingilishi ake ba shi umarni, da Ingilishi aka sallame shi. Ni kuma na tsufa a gaban allo ina koyar da Faransanci, ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa wancan zamani ya wuce. Ashe ƙarya na riƙa yi musu. Jiya masu ƙungiyarmu ta hokin ƙanƙara, 'Yan Gatari, suka tara 'yan jarida suka nuna mana sabon koci. Sunansa Wade Kilbride, daga Saskatchewan, can yankin masu Ingilishi, kuma ko sannu bai iya da harshenmu ba. A garin da ko karnuka da Faransanci ake kiransu!

Abin da ya fi ƙona mini rai, Jocelyn Desmeules yana tsaye a bayansu yana tafi. Ɗalibina ne, ɗan garin nan, ya daɗe yana mataimakin koci, ya san kowane lungu na ƙanƙarar nan. Sun tsallake shi kamar tsohon takalmi a bakin ƙofa, shi kuma yana murmushi saboda kyamara.

Yau da safe shagon gahawa na Lucette ya kusa kamawa da wuta. Teburinmu na tsofaffi ya rabu biyu kafin gahawa ta iso. Sai ki ce wa ya ja gaban masu goyon bayan sabon kocin? Ghislain Boily. Ghislain ɗina, wanda muka zauna benci ɗaya a firamare, wanda kujerarsa ke manne da tawa a filin wasa tun ba mu yi furfura ba, wanda yake zuwa ɗaukata da motarsa duk ranar wasa tun da likita ya hana ni tuƙi. Wai shi ne zai dube ni ya ce, "Farfesa, mu ci muke zuwa kallo, ba nahawu ba. Robar da suke bugawa ka taɓa jin ta yi Faransanci?" Aka kwashe da dariya. Na ce robar ba ta biyan tikiti, mu ke biya, kuma mutumin da zai tsaya ya yi mana bayanin dalilin da aka lallasa mu dole ya yi shi da harshen da uwata ta yi mini magana. Ya ce to ai wannan ba za a lallasa mu ba, ka ga babu bayanin da zai yi. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Laurier, na kusa tamanin. Ina so in ga kofin gasar nan ya shigo garin nan kafin a sa ni a akwatin gawa. Ko da yaren kurame zai kawo shi, ya kawo." Lucette ta ce duk wanda ya ƙara dukan teburinta zai ƙarasa karin kumallonsa a bakin titi.

Ghislain ne dai ya mayar da ni gida, muna ta yi har ƙofa. Kada ki damu, mun saba. Zai gane.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Laurier

Rivière-aux-Cèdres, 24 ga Nuwamba

Ƙanwata Marielle,

Ina gaishe ki da kyau, da Fernand da duk gidan. Yaya sanyi a wajenku? Nan dusar ƙanƙara ta riga ta rufe mini matakala. Safar da kika saƙa ta iso, na gode, tana ƙafata yanzu haka.

Za ki yi mini dariya: ci suke yi. Ci suke yi ba ƙaƙƙautawa, kamar da gayya. Yaran da bara ba sa iya miƙa wa juna roba yanzu yawo suke a kan ƙanƙara kamar an canza musu ƙafafu. Duk lokacin da aka zura a raga sai Ghislain ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Farfesa, wannan da wane harshe ta shiga?" Haƙarƙarina har ya yi tsami.

Shi kuma kocin an sa shi ya haddace jimla ɗaya. Bayan wani wasa ya karɓi makirufo ya ce wai yana son garin nan, ƙanƙararmu kuma "ya yi kyau". Ya mayar da ƙanƙara namiji, Marielle! Da ɗalibina ne da ya sake rubuta ta a allo har hannunsa ya gaji. Amma jama'a suka miƙe tsaye suna tafi kamar Fafaroma ne ya sauka. Mun zama mutanen da ake jefa wa ɓawon burodi su yi godiya.

A hanyar komawa Ghislain ya zo mini da wata. Wai ƙungiya tana neman wanda zai riƙa koya wa mutumin Faransanci, shi kuma ya je ofis da ƙafarsa ya ba da sunana. Ya ce, "Duk garin nan babu wanda ya kai ka. Ka je ka gyara masa bakin mana, maimakon ka zauna kana cinye mu da mita. Ka ma samu dalilin aske gemun nan." Na ga yana jiran in yi godiya. Ni? In ɗauki jakata in je in tsaya a ƙofar ofishin ɗan Ingilishi har ya ce in shigo, kamar yadda Baba ya riƙa tsayawa? Na ce ya ajiye ni a kan kwana, na ƙarasa da ƙafa.

Kashegari da yamma na buga waya shirin rediyon nan da ake tafka muhawarar hoki. Na daɗe ina jira a layi, raina yana ƙara ɓaci, da aka sa ni kuwa na juye komai. Na yi maganar Jocelyn, na yi maganar kamfani. Daga ƙarshe na ce akwai wasu tsofaffi da muke zama kafaɗa da kafaɗa a fili, waɗanda in dai za a ci wasa to a kwashe harshen ma a tafi da shi, kuma iyayenmu suna da sunan da suke kiran irinsu: sayayye.

Na san abin da za ki ce. E, na tuna. Na tuna lokacin yajin aiki da aka rubuta wannan kalma da jan fenti a ƙofar gidan su Ghislain, saboda babansa ya koma aiki da yunwa ta yi musu yawa, da yadda mamarsa ta durƙusa tana gogewa da buroshi duk unguwa na leƙe ta taga. Amma ban ambaci sunan kowa ba. Kalma ce, tana cikin ƙamus, kowa yana da ikon amfani da ita.

Ranar Asabar na sa kwat na tsaya a taga har aka fara wasa. Ghislain bai zo ba. Wataƙila motar ce, dama batirinta ba ya son sanyi.

Allah ya bar mu tare.

Yayanki,
Laurier

Rivière-aux-Cèdres, 9 ga Janairu

Ƙanwata Marielle,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Ina fata an yi bukukuwa lafiya, murar Fernand kuma ta sake shi.

Saƙonki ya iso, na karanta, har wurin da kika ja layi a ƙarƙashi. In je in ba Ghislain haƙuri a kan me? A kan na ce a yi mana magana da harshenmu a garinmu? Ke kin bar nan da daɗewa, hokin ma ba ki taɓa damuwa da shi ba, kin ɗauka rigimar wasa ce. Shi ya fara, shi ya mayar da ni abin dariya a gaban tebur, shi ya kai sunana inda ban aike shi ba. In akwai mai bin wani haƙuri, ni ne.

Na ɗauki tasi na je wasa sau ɗaya. A kujerarsa na tarar da wani saurayi da ƙaho a hannu, ya yini yana busa mini a kunne. Ya ce musaya suka yi da wani dattijo, wanda ya koma can ɗaya gefen, bayan raga. Na duba, amma idanun nan ba sa kaiwa can. Mun ci wasan. Ban sake komawa ba, tasin ma tsada gare ta. A kicin nake saurare a rediyo yanzu, na fi jin daɗi, babu mai zungurina.

Wajen Lucette kuwa ina shiga sai hira ta koma maganar yanayi. Na bar musu teburinsu.

Kada ki sake ja mini layi, ni na koya miki rubutu.

Yayanki,
Laurier

Rivière-aux-Cèdres, 28 ga Mayu

Ƙanwata Marielle,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Fernand da yara. Na ji an yi wa jikarki baftisma, Allah ya raya ta. Ki yafe mini shirun da na yi.

Ba mu ɗauki kofin ba. Mun kai wasan ƙarshe, aka fitar da mu da ci ɗaya a ƙarin lokaci. Ko mako biyu ba a yi ba sai ga labari: wata babbar ƙungiya a Amurka ta kira Kilbride, ya tattara kayansa ya tafi. Jimlarsa ɗaya tak ya bar mana. Shekaranjiya aka naɗa Jocelyn. Na saurari jawabinsa daga farko har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya, har wuraren da na san yana tuntuɓe yana yaro.

Sai na ga ai magana ta ƙare. Wanda muke faɗa a kansa ya tafi, me ya rage? Jiya na aske gemu, na sa farar riga, na tafi wajen Lucette da sassafe. Har na shirya abin da zan ce, wata 'yar tsokana ce a kan batirin motar Ghislain, don a yi dariya a wuce wurin. Yana zaune a inda ya saba. Ya rame, Marielle, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ja kujera na ce, "Kai tsohon banza, ka ga mutumin naka ya gudu ko?"

Ya miƙe tsaye. Ghislain, da gwiwar nan tasa, ya miƙe mini tsaye kamar sufeto ya shigo aji. Ya kira ni da sunan gidanmu, ya ce, "Ina kwananku, Malam Thiffault. Kun samu abin da kuke so. Ina taya ku murna."

Ku. Ni Ghislain yake ce wa ku. A garin da ko fada a coci kai muke ce masa yanzu. Mutumin da muka yi satar tuffa tare, wanda ya riƙe mini zobe ranar aurena, wanda ya kama kunnen akwatin gawar matata. Tun da muka buɗe baki muka fara magana bai taɓa ce mini ku ba, ko da wasa. Na ce, "Ghislain, ni ne fa. Wane irin ku kuma?" Ya ce, "Ku yi haƙuri, gahawata za ta huce." Ya zauna ya juya cokalinsa. Babu wanda ya yi dariya. Lucette ta tambaye ni ko a zuba mini a kofin takarda in tafi da ita, na ce a zuba.

Na yi shekaru ina koya wa yara inda ake sa kai da inda ake sa ku, ina cire musu maki in sun haɗa. Bai yi kuskure ba, daidai ya sa ta.

Ki gaishe da kowa da kowa, ki sumbaci jaririyar a madadina. Jocelyn zai fara aiki a watan Agusta. Ghislain kuwa na rasa shi.

Yayanki,
Laurier