Dabaibayin Baba

Sansanin masu neman dutse, filin Arlit, Azbin
Watan Rajab, 1959

Zuwa ga yayata Dassin, a Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Almustafa da yara duka. Allah Ya ƙara wa Malam haƙuri, tunda shi ne zai zauna ya karanta miki rubutun direba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ƙarancin ruwa, wanda ni da kaina nake ɗaukowa a kamiyo, wato babbar mota. Matata Mina ta yi zazzaɓi amma ta tashi. Saƙonki ya iso ta hannun Illi mai raƙuma, barkono da daddawa da zanen Mina, Allah Ya saka da alheri. Sauran saƙon ma, wanda kika ba shi da baki, ya iso bai rage ko kalma ba. Ya ce labari ya je miki wai na ɗaure Baba kamar dabba, wai kin kwana uku kina kuka. To share hawayenki ki saurara. Kuka daga nisan tafiyar wata guda ba shi da wuya, Yaya, kowa ma ya iya shi.

Kin sani tun da Inna ta rasu, rijiyar lambunmu ta Iferwan ta rufta, ni na ɗauko Baba. Abin da ba ki sani ba shi ne mutumin da kika bari ba shi ne wanda ke hannuna ba. Hankalinsa yana zuwa yana komawa. Abu ɗaya ne bai bar shi ba, wato halinsa na madugu. Shekara talatin yana jan ayarin gishiri zuwa Bilma, kullum in ya sallame asuba sai ya fita ya duba ƙasa, ya gyara tarin duwatsun da ke nuna wa matafiya hanya. Nan kuwa Nasara sun cika filin da turakun ƙarfe da tarin duwatsu masu jan launi, suna sa alamar wuraren da za su haƙa. Baba ya dube su ya ce wanda ya jera waɗannan bai san daji ba, ba sa kai mutum ko wace rijiya, ƙishirwa za su sa ta kashe bayin Allah. Sai ya dinga fita kowace safiya yana tumɓuke su, yana sake jera su tiryan-tiryan suna fuskantar rijiyar Gugaram. In kin ga layin da ya ja, wallahi ya fi nasu miƙewa.

Baturen sansanin, wanda muke kira Jan Wuya, ya sa aka kira ni gaban leburori. Ta bakin tafinta ya ce tsohona ya ɓata masa aikin mako uku, in aka sake taɓa turke ɗaya in ajiye makullin kamiyo in kama gabana. Shekara shida na yi ina aparanti, wato yaron mota, a Agadas, ina kwance ƙarƙashin motocin wasu, kafin makullin nan ya shigo hannuna. Ba zan mayar da shi ba saboda tsoho yana yi wa fatalwar ayari jagora.

Kada ki ce ban bi ta lalama ba. Na yi masa magana, ya ce to, gari ya waye ya fita. Na ɓoye takalmansa, ya fita ba takalmi. Na ɓoye sandarsa, ya tumɓuke turken Bature ya dogara da shi. Wani dattijo cikin leburori ya ce mini ba a raba mutum da hali sai an ba shi wani a madadinsa, sai na samo masa kaba na ce ya dinga tufka igiya da safe. Ya zauna ya tufka mai kyau, mai ƙarfi, irin wadda ba a samu a kasuwa. Da ya gama ya ajiye ta, ya tashi ya tafi wajen duwatsunsa. Da igiyar nan na yi masa dabaibayi.

Na san kin tuna ɗaurin, don kin taɓa ganinsa a ƙafata. Ina shekara tara, ina da halin barin raƙuma in tafi wasa, har taguwa ɗaya ta ɓace. Baba ya ce tunda kunnena ba ya ji, ƙafata za ta koya. Ya yi mini dabaibayi cikin raƙuma a bakin rijiya, kwana uku, mata suna zuwa ɗibar ruwa suna dariya. Ke ce kika dinga kawo mini ruwa a ɓoye cikin ƙoƙo. Tun daga ranar ban sake barin abin da aka ba ni tsaro ba, shi ya sa yau Nasara suka amince mini da mota. Maganinsa ne, na gwada shi a jikina na ga yana ci. Laifi ne in na mayar masa da shi?

Kullum in ya sallame asuba sai in ɗaura masa, taƙi ɗaya tsakanin ƙafa da ƙafa, in ɗaure ƙarshen a turken bukka. Kwanakin farko ya zage ni da Tamajak, ya zage ni da Hausa, ya ja igiyar har idon sawunsa ya saɓule. Mina ta naɗa masa tsumma tana kuka, ita ma irinki ce, hawaye ba ya yi mata wuya. Rana ta tara ina hanyar ɗaukar ruwa Mina ta kwance shi, wai tausayi. Kafin azahar ya tumɓuke turaku huɗu. Allah Ya taimake ni leburori suka mayar kafin Jan Wuya ya gani.

Abin da na yi ranar, gara ki ji shi daga bakina. Na zaunar da shi a ƙofar bukka lokacin da leburori ke dawowa daga aiki, na kwance masa rawani. Kin san ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganin bakinsa ba, ko abinci zai ci sai ya kai hannu ta ƙarƙashin amawali. Ashe haƙoransa uku ne suka rage. Ya rufe bakinsa da tafin hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Wasu cikin mutanen suka kau da fuska, wasu 'yan kudu suka yi dariya. Na bar shi haka har la'asar, sannan na mayar masa, na gaya masa duk ranar da ya sake kusantar jan dutse haka za a yi. Mina ta yi mako ba ta yi mini magana ba. Ban ji daɗi ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma daga ranar bai sake jan igiya ba.

Na cika masa kwana arba'in, ban tsallake ko safiya ɗaya ba. Asirin gyaran hali ke nan, ki riƙe shi don yaranki: lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ba ɗaga ƙafa, ba jin tausayi a tsakiya. Rana ta arba'in da ɗaya na bar shi ba igiya. Ya tashi ya yi tafiya, sai na ga ƙananan taku yake yi, taƙi ɗaya taƙi ɗaya, kamar ɗaurin yana nan. Ya kai daidai inda igiyar ke ƙarewa ya tsaya cak. Ga fili har iyakar gani, ga jajayen duwatsu, ko kallonsu bai yi ba. Jan Wuya da kansa ya wuce ya gan shi zaune, ya ce mini da kyau.

Sai dai akwai abu ɗaya, shi ne ma dalilin takardar nan. Yanzu in ya sallame asuba sai ya miƙo ƙafafunsa biyu yana jira. In ba a ɗaura ba sai ya ƙi shayi, ya ƙi fura, yana waige-waige kamar wanda za a doka. In an ɗaura sai ya natsu ya ci abinci. Bayan azumi za a tashi sansanin zuwa arewa, kuma an ce ba a zuwa da iyali. Mina za ta koma wajen iyayenta. Baba kuwa, tunda kin daɗe kina roƙon a kawo miki shi, ga shi nan tafe tare da Illi. Na gyara miki shi, ba zai fita ya ɓace miki a Damagaram ba. Igiyar tana cikin jakarsa. Ki ɗaura masa da hannunki kowace safiya, kada ki sa yara, ba su iya ƙullin ba. Na san za ki ce ba za ki iya ba. Ki gwada kwana biyu ki ga yana ƙin abinci, za ki iya.

Ki gaishe mini da Malam Almustafa da kyau, da Lalla da Ahmudu, Allah Ya raya su Ya shirya su. Ki gaida Gwaggo Aisha in tana nan da rai. Mina tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata, ban san me ta yi miki ba.

Yau da safe na gaya wa Baba ina rubuta miki takarda, ko yana da saƙo. Ya daɗe yana kallona bai gane ni ba. Can ya ce in gaya wa Dassin ta je bakin rijiya ta kwance yaron nan Mano, ya isa haka, rana ta yi zafi, yaro ne. Ga saƙonsa na isar. Da ya gama ya miƙo ƙafafunsa, na ɗaura.

Wassalam. Ni ne ƙanenki,
Mano ɗan Akoli