Kuskuren Shafi na Sha Ɗaya

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta ƙwalle, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, abin ƙaunar da har yau bakina ya kasa kira da mugun suna.

Jiya shugaban sashenmu na lissafi ya ajiye wani ɗan littafi a teburina: darussan awon tazara, ƙofar shiga reshen lissafin da ake kira topoloji, don sababbin ɗalibai. Ya ce in duba kafin Litinin, ranar da kwamiti zai zauna a kan ba ka kujerar koyarwa saboda shi. Sunanka ne a bango, kai kaɗai. Da na buɗe, wallahi nan take na gane shi. Aikina ne, masoyi! Koren littafin nan nawa da ka ara, ka ce kwana biyu kawai.

Ka tuna ajin ƙarshen baranda, mai fankar nan da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa? Can na koya maka sharuɗɗan nan uku, alli duk ya ɓata min hannun riga, kana tsokanata da Uwar Alli. Na ɗaya, tazara ba ta zama sifili sai tsakanin ɗigo da kansa. Na biyu, daga nan zuwa can daidai yake da daga can zuwa nan. Sai ka dafa ƙirji ka ce haka muke, yadda nake kusa da kai haka kake kusa da ni. Ni kuwa sakarya na yarda! Har misalin da muka auna da ƙafafunmu ka kwashe: daga laburare zuwa tashar bas, layi uku gabas, huɗu arewa, tsuntsu ya yi biyar, mai ƙafa ya yi bakwai. Sau nawa muka taka bakwai ɗin nan ina fatan su zama saba'in?

A shafin godiya ka gode wa mai buga takardu, ka gode wa mai ɗinke littafi, har kawunka da ya ara maka kwamfuta. Haba! Ni ko layi ɗaya ban ci ba? Ka ci amanata, kuma ya yi min ciwo, ciwon da na rasa inda zan ajiye shi.

To, buɗe shafi na sha ɗaya. Sharaɗi na uku cewa ya yi ratse ta wuri na uku ba ya rage tafiya: ko dai ya ƙara ta, ko su yi daidai in wurin a kan hanyar yake. Ni rabin farko kawai na rubuta, cewa yana ƙara ta, don ina tsakiyar layin ka shigo ka zare min biro, ka ce in ɗago in dube ka. Ban koma na ƙarasa ba. Haka ka kwafe shi da giɓinsa. Shugaba ya ja masa jan layi, ya ce ya taɓa ganin wannan giɓi a wani koren littafi da aka kawo masa bara. Ya dube ni ta saman tabarau yana jiran amsa, don ni ce na kai masa shi ya duba min.

Ban amsa ba tukuna. Ranar Litinin dole in amsa, kuma ka san ban iya ƙarya ba. Don Allah, hasken safiyata, ka riga ni shiga ofishinsa, ka faɗa da bakinka. Wataƙila kujerar ta tafi, amma ni ba zan tafi ba. In kuwa ka bari ni na faɗa, da wane ido zan ƙara dubanka?

Ƙarfe takwas na safiyar Litinin zan tsaya a ƙofar laburare. Daga tashar bas zuwa ofishin shugaba, ka sani, a kan hanyarka nake. Biyowa ta wurina ba zai ƙara maka ko taku ɗaya ba.

Taka, da ciwon da komai, har ranar da hannuna zai kasa riƙe alli,
Uwar Alli